Dafi da Makari a Ɗigo Ɗaya

Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo ɗakin gwajinmu, ba a rasa ɗaya da zai leƙa faranti ya ɗago kai ya ce, "Mama, wai shi ke nan aikin? Ɗiga ruwa?" Bana wani dogon yaro ne daga Nasarawo ya faɗa, har da ƙarin cewa yanzu kwamfuta na zana siffar furotin kafin mutum ya shanye shayinsa. Ban yi masa musu ba. Tana zanawa, ni ma ina amfani da ita. Sai dai zanenta hasashe ne, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta shirga ƙarya ido a bushe, musamman in furotin biyu ne a haɗe. To ku da kuke ganin ɗiga ruwa ce, bari in rubuta muku yadda sana'ar take tun gwiwata ba ta hana ni hawa benen nan ba.

Furotin su ne ƙananan ma'aikatan da ke cikin jikin duk wani mai rai. Dafin maciji ma furotin ne. Ido ba ya ganinsu, madubin likita ma ba ya kai wa gare su. Dabararmu ita ce mu lallaɓa su su jeru, kowanne na fuskantar inda ɗan'uwansa ya fuskanta, har su taru su zama ɗan dutse mai kusurwa kamar ƙwayar sukari. Shi muke kira kiristal. Daga nan a daskarar da shi a aika ƙasar waje, inda ake da babban injin eksire, a haska shi, a gano siffar furotin ɗin daga yadda hasken ya watse. Furotin guda shi kaɗai ma sai ya ga dama yake yarda. Ni kuwa abin da na ƙare rayuwata a kai shi ne biyu da suka riƙe juna, in sa su jeru ba tare da sun saki hannu ba.

Kayan aikin ba su da ban sha'awa. Farantin roba ne mai ƙananan ramuka. Kowane rami da irin ruwan da za a zuba masa: wannan gishirinsa ya yi yawa, wancan tsami ya fi masa, na gaba an sa masa wani sinadari mai kauri da ake kira PEG, wanda mu a ɗakinmu yauƙi kawai muke ce masa. Sai ka ɗauki ɗan siririn gilashi, ka ɗiga furotin, ka ɗiga masa ruwan ramin, ka kife gilashin a bakin ramin ɗigon na reto, ka liƙe da giris don kada iska ta shiga. Ruwan ƙasa zai riƙa jan danshi daga ɗigon a hankali, ɗigon na ƙanƙancewa, furotin na rasa wurin yawo. Galibi ko dai ya zube ya zama laka, ko ɗigon ya zauna garau kamar ba a sa komai ba. Can ba a rasa ba, a rami guda, sai ka ga wani abu ya yi kusurwa. Zaɓen abin da za a zuba a ramukan nan shi ne sana'ar gaba ɗaya, don furotin ba ya taɓa isa a gwada komai.

Na koya a hannun wata tsohuwa a wata ƙasa mai sanyi, mace marar yawan magana mai son baƙin shayi. Na je mata da digiri biyu da girman kai na uku. Ta miƙo mini sirinjin giris. Na shafe watanni ba abin da nake yi sai zagaye bakin ramuka da giris da leƙa farantan wasu. Da na fara gunaguni sai ta zaunar da ni gaban madubi, ta nuna mini kiristal biyu masu kyau iri ɗaya, ta ba ni allura ta ce in danna kowanne. Na farko ya yi ƙas, ya tsage gida biyu. Na biyu ya murƙushe laƙwas kamar awara. Ta ce na farkon gishiri ne ya yi shigar furotin, kuma ya sa manya da yawa sun yi murnar banza. Ita ce ta koya mini cewa kwalaben gwaji da ake sayowa a haɗe yawancinsu an tsara su ne da furotin guda a zuciya. In biyu ne a gabanka, ka fara tambayar kanka me ya riƙe su. Akwai waɗanda gishiri mai yawa ke shiga tsakaninsu ya raba. Irin waɗannan a fara musu da yauƙi, gishiri kaɗan, tsami kusa da na jinin mutum, sannan a riƙa matsawa a hankali. Ranar da zan dawo gida ta ba ni 'yar kwalba da gashin bakin kyanwa a ciki. Amfaninsa zai zo a gaba.

Da na dawo Gombe na tarar da masu kawo aiki iri-iri. Abokan aiki ne daga wasu sassan, kowa da ɗan bututunsa a cikin kula, kowa kuma yana so kafin Juma'a. Akwai wani likitan dabbobi, mutumin kirki, da ya ɗauko furotin ɗinsa a aljihun gaba ya hau keke tun daga Tumfure cikin zafin bazara. Da na ɗaga bututun a haske ya yi dususu kamar ruwan tsarin koko. Na ce, "Dakta, wannan ai ya dahu." Ya ce to ba za a iya ɗan gwadawa ba? Na ba shi ruwan sanyi ya sha, na ce ya koma ya sake tacewa. Har yau muna gaisawa, kuma yanzu da ƙanƙara yake zuwa.

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone mana akwatin da ke riƙe faranti a sanyi daidai, ta haɗa da babban firij ɗin daskarewa. Kiristal ba ya son a canza masa yanayi. Zafin rana da sanyin asuba na garin nan kaɗai sun isa su narkar da abin da ya ɗauki wata yana girma. Muka rasa kusan duk abin da muka tara. Kafin a samo gyara sai da muka koma ga dabarar iyayenmu: muka sayo manyan randuna, muka binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi a ɗakin da rana ba ta bugu, muka jera farantan a ciki muka rufe da faifai. Baƙi in sun shigo sai su ɗauka ruwan sha ne. Randa ba ta kai inji ba, amma ba ta tashi sama ta faɗo ƙasa, kuma abin da kiristal ke so ke nan.

A wannan shekarar ce aikin Ladi ya zo gaɓarsa. Ladi ɗalibata ce ta digirin dakta, Batangaliya daga wani ƙauye a wajen Kaltungo, doguwa mai saurin hannu da saurin fushi. Mahaifinta manomi ne. Tana ƙarama kububuwa ta sare shi a hannu lokacin cirar gyaɗa. Ya rayu, amma yatsu biyu sun tafi. Aikinta a kan furotin guda ne daga cikin dafin kububuwa, wanda ke tsinka jijiyoyi jini ya yi ta zuba, da wani ɗan ƙaramin furotin da aka samo daga jinin raƙumi, wanda ke kama na dafin ya hana shi aiki. Mu muna ce musu dafi da makari. Abin da ake nema shi ne a ga ta ina makarin ya kama, don masu haɗa magani su san inda za su ƙarfafa.

Da firij ya mutu, duk furotin da ta tace ya lalace sai ɗan bututu guda da ya tsira a tulun naitirojin, wani ruwa mai tsananin sanyi da ba ya buƙatar wuta. Lokacin karatunta ya zo ƙarshe, ba sauran ƙari. Ga shi kuma wurin da aka ba mu a injin eksire na waje guda ɗaya ne a shekarar, tulun aikawa zai tafi sau ɗaya. In abin da ta sa a tulun nan bai yi ba, Ladi za ta koma ƙauye ba digiri, bayan duk shekarun da ta zuba.

Muka zauna muka tsara faranti. Na ce yawancin ramukan su zama na yauƙi. Ita kuma ta ce a bar mata layi guda na gishiri mai ƙarfi, don ta ga makarin shi kaɗai yana son gishiri. Na bar mata. A sana'ar nan ba a rantsuwa a kan rami, kuma ta san furotin ɗinta fiye da ni.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta biya ta leƙa randa, ta kira ni a waya ta ce kiristal sun fito. Litinin da safe na tarar da ita a bakin ƙofa da ƙullin gyaɗa soyayya ta kawo wa kowa. Na duba madubi. Gaskiya na daɗe ban ga kiristal masu kyau haka ba: manya, garau, kusurwoyinsu kamar an yanka da reza. A layin gishiri suke. Na danna ɗan ƙarami da allura ya murƙushe, furotin ne ba shakka. A can gefen yauƙi kuwa ba komai sai wasu siraran allurai a cukurkuɗe kamar ƙaiƙayi, irin waɗanda ba wanda zai ɗauki hotonsu.

"Ladi," na ce, "sai mun narkar da su."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. "Mu narkar da me, Mama?"

"Masu kyan nan. Mu wanke su, mu narkar, mu sa a jel mu ga ko su biyun ne a ciki."

Jel wani abu ne mai laushi da muke tace furotin a cikinsa da lantarki, kowanne ya tsaya a layinsa gwargwadon girmansa. Biyu in suna nan, layi biyu za a gani. Matsalar ita ce kiristal ɗaya ba ya isa a ga layi. Sai an ba da mafi yawansu, kuma abin da aka narkar ya tafi ke nan.

"Ai tare na zuba su," in ji ta. "Da hannuna na haɗa su. Ina ɗayan zai je?"

"Tare kika zuba su. Ban san ko tare suka shiga ba. Gishirin nan yana da yawa, kuma makarinki ke da kanki kika ce yana son sa."

"To in kuma su biyun ne fa? Kin sa na kashe mafi kyan abin da na taɓa samu, ba ni da furotin da zan sake irinsu."

Gaskiyarta ce, kuma ban ɓoye mata ba. Na ce in su biyun ne, na cuce ta, sai mu aika ragowar ƙananan mu yi addu'a. In kuma ɗaya ne muka aika haka nan, ba za mu sani ba sai tulu ya tafi ya dawo. Na ce aikinta ne, ba zan taɓa farantin ba sai ta ce. Na ji tsoro ƙwarai a ranar, don na san kyan kiristal ba ya nuna komai, amma ban san abin da ke cikin waɗannan ba.

Ta fita ta bar ni. Na hango ta ta taga tana zagaye bishiyar dalbejiya. Can ta dawo. Ta ja kujera, ta ɗauki ɗan zoben da muke kamo kiristal da shi, ta riƙa tsamo su ɗaya bayan ɗaya tana wankewa. Ta tsamo wani dunƙulen alluran nan munana su ma, ta sa a gefe. Ni ce na kasa kallo na koma ina goge teburin da ba shi da datti.

Bayan azahar jel ya fito. A gefen masu kyau layi ɗaya ne, can ƙasa, wurin ƙaramin. Makari ne shi kaɗai ya yi ado ya fito, ya bar dafin a cikin ruwa. A gefen alluran kuwa layi biyu, dishi-dishi, amma biyu.

Ladi ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Har na gaya wa Baba."

Na ce za ta sake gaya masa.

Alluran sun yi siriri da yawa, injin ba zai ga komai a jikinsu ba. Amma sun gaya mana ramin da su biyun ke yarda su zauna tare, kuma za su iya zama iri. Nan gashin bakin kyanwa ke shigowa. In ka murƙushe allurai ka shafa gashin a kai, ƙananan ɓarɓashi na maƙalewa a jikinsa, don yana da kaushin da ido ba ya gani. Sai ka ja shi sau ɗaya ta cikin sabon ɗigo wanda aka rage wa yauƙi kaɗan, yadda furotin ba zai fara kiristal da kansa ba sai dai ya hau kan irin da ka ajiye masa. Ana sayar da na roba. Ni dai ban taɓa jin daɗinsu ba. Waɗanda tsohuwata ta ba ni kuwa sun daɗe da ƙarewa.

Muka hau keke ni da Ladi sai unguwar Shamaki, gidan Goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke da wata farar kyanwa da take ji da ita fiye da jikokinta. Ladi ta durƙusa ta gaishe ta. Na faɗi abin da ya kawo mu. Goggo ta ajiye carbinta ta dube ni sama da ƙasa.

"Hajo, duk karatun da aka tura ki ƙasar Turawa, ashe abin da kika koyo ke nan? Gashin kyanwa? Wa za ku yi wa?"

"Maciji, Goggo."

"To in dai maciji ne ku je ku yi." Ta ɗaga yatsa. "Amma ba mai tsige mata ko ɗaya."

Na ce wanda ya faɗo da kansa muke so. Ta yi 'yar mita da Fulatanci, ta ɗaga tsohuwar tabarmar da kyanwar ke kwana a kai, ta shiga lalube. Ta samo mana 'yan ƙalilan ta zuba a kwalin ashana. Da za mu tafi ta riƙe hannun Ladi ta ce, "'Yar nan, Allah ya ba ki sa'a. In ya yi ki zo ki gaya wa mai gashin." Tun daga lokacin Goggo ke tara mana, har yanzu daga kwalinta kuke ɗauka.

Abin da ya rage a bututun bai fi na 'yan ɗigo kaɗan ba. Wannan karon ba layin gishiri. Duk ramukan muka kewaye wanda ya ba da allurai: nan yauƙi ya ɗan ragu, can tsami ya ɗan matsa, ba wani tsalle mai nisa. Ladi ta liƙa gashin a tsinke, ta shafa, ta ja. Muka mayar da farantin cikin randa, na hana kowa ɗaga faifan, har da ita, don yawan leƙe ma girgiza ne.

Da muka buɗe, a rami biyu sai ga kiristal sun jeru a kan hanyar da gashin ya bi, kamar shuka a kan kunya. Gajeru ne, masu kauri, gefensu ba daidai ba. Ba wanda zai kira su kyawawa. Kafin in buɗe baki Ladi ta ce, "Na sani, Mama," ta tsamo rabinsu ta narkar. Layi biyu suka fito. Sauran muka daskarar muka sa a tulu, ya tafi.

Sakamakon ya zo ta kwamfuta wata ranar Laraba da hantsi. Ta ɗauki makonni tana gina siffar, kuma a nan kwamfutar da kuke yabo ta taimaka mata sosai. A ƙarshe ga su nan: dafin babba mai wani tsagi kamar baki, inda yake cizon jijiya, makarin kuma ya zura wani dogon yatsa ya toshe tsagin. Hasashen da kwamfuta ta yi tun farko ya ɗora makarin ne a bayan dafin, nesa da bakin. Kada ku ɗauka magani ya samu a ranar. Tsakanin hoton nan da allurar da za a yi wa manomi akwai aikin mutane da yawa da shekaru masu yawa. Namu shi ne mu nuna musu wurin.

Ranar da ta kare aikinta gaban malamai mahaifinta ya zo daga ƙauye da rigarsa ta zuwa coci. Bayan an gama ta kawo shi ɗakinmu. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya leƙa randunan da muka ƙi zubarwa ko da aka gyara inji, ya ce irin su matarsa ke da su. Ladi ta shimfiɗa masa babban hoton a kan tebur, dafin da ja, makarin da kore.

"Wanne ne macijin?" ya tambaya.

Ta nuna masa.

"Wannan ɗan ƙaramin ne ya riƙe shi?"

"Shi ne, Baba. Ka ga inda ya toshe masa baki."

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗora hannunsa na dama a kan hoton, mai yatsu ukun, daidai inda kore ya shiga ja, ya ɗan danna kamar mai taya riƙo.

"To," ya ce, "ki gaya masa kada ya saki."